Matar da Muka Yi Ta Mayarwa

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: ni wawa ne. Ba irin wanda yara ke bi suna tsokana ba. Irin wanda ake aikawa a kira idan magana ta cuɗe a unguwa, a ce a nemo wane, yana da dabara. Irinmu mun fi haɗari, don ba mu gane kanmu sai furfura ta gama rufe mu. Karatun allo na tsaya inda ya fara wuya. Boko kuwa na je na ga yadda ake zama a kan benci na komo. Wannan rubutun ma a yaƙi da jahilci na tsince shi, ina da gemu. Amma duk da haka na yi shekaru ina taƙama da abu guda, wai kaf gidanmu ni kaɗai ne lafiyayye.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, alwala ta cinye rabin rayuwarsa. A ƙauyenmu can wajen Tafoki kowa ya san shi da buta. Tun ladan bai kira azahar ba zai tsuguna bakin masallaci, ya wanke hannu, ya kai fuska, sai ya tsaya ya zuba wa ƙasa ido, ya koma farko. Liman ya tayar, ya sallame, mutane su fito suna laluben takalma, shi yana nan hannun riga a jiƙe. Tafukansa duk sun tsattsage kamar fadama da rani. Mutane suna cewa tsoron Allah ne. Ni kuwa tun ina yaro na gano amfanin abin. In ina son in zille wa gona, sai in bari ya kai ƙafar hagu, in ce masa kamar ban ga ya shafi kai ba. Bai taɓa dukana ba. Sai ya dube ni, ya miƙo butar in ƙaro ruwa. In ƙaro, in aje, in sulale. A lokacin na ɗauka wasa muke yi ni da shi.

Ƙanwarsa, gwaggonmu, ita ba ruwanta da buta. Ranar kasuwa za ta ɗauki ƙwaryar daddawa ta kai har bakin gari, sai ta juyo ta duba ko ta kashe wuta. Ta sa hannu cikin toka, ta ja igiyar akuya a turke ta ji ko ta ɗauru, ta fita, ta sake dawowa. Sau da yawa tana isa kasuwa ana naɗe tabarmi. Ta yi tsawon rai, har ta ga lokacin da 'yan bindiga suka matsa mana, kowa ya koma duba ƙyaure yana sake dubawa. Ta ce min ai ga shi nan, duk gari ya dawo kan hanyarta.

Ba wanda ya taɓa haɗa nasa da nata. Shi mai tsarki ake ce masa, ita mai mantuwa. Ni kuma gwanin huɗa, don babu gonar da kunyoyinta suka kai nawa miƙewa, kuma na karɓi yabon hannu biyu.

Wanda nake son in ba da labarinsa ɗana ne na fari. Ko ina son kiran sunansa al'ada ba ta bar ni ba, to mun huta. Tela ne, shiru-shiru, ba ya wanke-wanke, ba ya dube-dube. Har godiya na yi wa Allah da abin gidanmu ya tsallake shi. Ya auri wata yarinya daga Sabuwa, ɗiyar wani mai sayen hatsi da muka daɗe muna haɗuwa a kasuwa. Yarinya mai fara'a. Matata, uwar yaran, ta hana ni yaji saboda ciwon ciki, ita kuwa sai ta ɓoye min shi ƙarƙashin malmala, ta aje kwano ta wuce kamar ba ita ba. Suna son juna, har abin ya so ya yi yawa a gidan da surukai ke ciki. In ya dawo daga shago, daga zaure kana jin dariyarsu. Allah ya ba su ɗiya mace.

A lokacin mun riga mun baro ƙauye mun dawo cikin Faskari, gona ta gagare mu, muna zaune a gidan aro. Wata rana bayan la'asar ya zo ya tsuguna nesa da tabarmata, kansa a ƙasa, ya ce min yana jin ya saki matarsa.

Na tambaye shi faɗa suka yi, ya ce a'a. Ya faɗa mata ne, ya ce a'a. Ya rubuta, ya ce a'a. Na ce to ta ina ya sake ta, ta waya? Ya ce yana kan keke yana ɗinki, kalmar ta faɗo masa a zuciya, shi bai kira ta ba, bai so ta ba, kuma bai tabbata ko leɓensa ya motsa ba. Tun ranar bai sake shiga ɗakinta ba. Tsoronsa kada ya zama yana zaune da ita cikin haram.

Na yi dariya har hulata ta faɗi. Na ce in da abin da ke wucewa a zuciya saki ne, ai da na rabu da uwarsa tun ba a yaye shi ba, kuma da babu sauran aure ko ɗaya a ƙasar Katsina. Bai yi dariya ba.

"Baba, in leɓena ya motsa fa?"

Ashe ya riga ya je wurin limamin unguwa. Liman ya ce masa babu komai, kokwanto ba ya kashe aure. Ya ce ya ji sanyi har ya kai ƙofar shago, sai kuma ya tuna wataƙila bai yi wa liman bayani daidai ba. Ya koma, aka sake faɗa masa, ya sake komawa, har ya fara jin kunya. Ya rame. Tela kan riƙe allura a baki in hannunsa na aiki, wannan kowa ya sani. Shi sai ya koma wuni da ita tsakanin leɓɓansa, ko babu aiki, don ya tabbata ba su motsa ba. Yarinyar kuwa ba ta san laifinta ba. Ta canza miya, ta yi kitso, ta yi lalle, mijinta na gaishe ta daga bakin ƙofa kamar baƙo.

A nan dabarata ta tashi. Na ce masa ai addini bai bar mu a rana ba, akwai kome. Mutum in ya saki matarsa, tana cikin idda, da kalma ɗaya yake mayar da ita. To in ya saka, ya mayar, in bai saka ba, mi ya ɓaci? Na ce kai tela ne, rigar da ba ta yage ba in ka ƙara mata ɗinki ai ba ta rasa komai ba. Mu kira mutum biyu su shaida, ya samu ya yi barci. Na ga idonsa ya kawo haske, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Na sayo goro. Na kira maƙwabta biyu, wani mahauci, da wani dattijo Alhaji wanda ɗan'uwan uwar yarinyar ne, wai don abin ya yi nauyi. Muka zauna a zaure. Aka kira ta ta tsaya bayan ƙyaure, hannunta duk ƙullu, ba ta san mi ake ciki ba. Yaron ya ce ya mayar da matarsa. Alhaji, da yake mutum ne mai bin ƙa'ida, ya tambaya saki nawa ne. Yaron ya dube ni. Ni kuwa da goro a baki na ce, ɗaya ne mana Alhaji, sai ka ce muna da su a rumbu. Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Kuma ya yi aiki, abin da ya ƙara ruɗa ni kenan. Ran nan ya ci malmala biyu, ya koma ɗakin matarsa, dariya ta dawo gidan. Na riƙa ba da labari a majalisa, ba da suna ba, wai na warkar da abin da ya gagari liman. Uwar yaran ce kaɗai ta ce ita abin bai kwanta mata ba, a tara mutane a kan abin da bai faru ba. Na ce mata mi mata suka sani a fiƙihu. Ni da ko alwalata sai a hankali.

Ba a kai ga yanke gero ba abin ya dawo. Wannan karon rediyo yake ji a shago, wani malami na amsa tambaya a kan saki, sai ya ga kamar ya gyaɗa kai. To gyaɗa kai yarda ce ko ba yarda ba ce? Bai ma tsaya dogon bayani ba. Ya zo ya tsuguna, ya miƙo min ƙullin goro da ya sayo da kansa. Yadda ya miƙo hannun nan, haka mahaifina ke miƙo min buta. Na gani, na kuma kawar da kai.

Muka sake zama a zaure. Da aka gama Alhaji ya ce, na biyu kenan fa. Na ce Alhaji na ƙirga mana kamar buhunan masara. Dariyar ba ta kai ta farko ba. Yarinyar ba ta zo bayan ƙyaure ba ranar. Ta aiko uwar yaran ta tambaye ni abin da ta yi, don a wurin ɗibar ruwa mata sun fara yi mata jaje, wasu na ba ta shawarar yadda ake riƙe miji. Na ce a ce mata ba ta yi komai ba, ta yi haƙuri, magani ne muke yi. Washegari na ɗaga malmala, yajina na nan.

Na uku bai jira ko wata biyu ba. Ya zo da goronsa, na aika a kira shaidu. Mahauci ya ce yana da aiki. Alhaji ya zo, amma bai zauna ba. Ya tsaya bakin zaure da sandarsa ya ce bayan biyu, na uku ba shi da kome, kuma shi ba zai iya ɓoye wa iyayenta ba. Na ce haba Alhaji, ai duk wasa ne, babu saki ko ɗaya, ciwo ne ke damun yaron. Ya ce shi ba a kira shi wasa ba. Sau biyu yana ɗaga hannu yana fatiha, kuma da kunnensa ya ji ni ina cewa ɗaya ne.

Mahaifinta ya zo daga Sabuwa. Ba mugun mutum ba ne, kada wani ya ɗauka haka. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi dai ba zai bar ɗiyarsa ta kwana inda ba a san matsayinta ba. Muka yarda mu je Ƙanƙara wurin wani babban malami da ni da shi duk muka amince da shi. Muka cika mota, ni da yaron, da shi da Alhaji.

Malam ya saurari kowa bai katse ba. Ya ce abin da ya ɗarsu a zuciya ba saki ba ne, kuma mai waswasi ba a kama shi da kokwantonsa. Na fara gyara zama ina duban Alhaji. Sai malam ya juyo kaina. Ya ce amma ku kun tara shaidu, an faɗa a fili cewa an yi saki, miji na zaune bai musa ba, har sau biyu. Abin ya fita daga zuciya ya shiga kunnen mutane. Ya ce hanya ɗaya ta rage, kuma mai sauƙi ce. Yaron ya rantse a gabanmu cewa kalmar ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. In ya yi, shi zai ce duk abin da aka yi a zaure shirme ne, aure na nan.

Mahaifinta ya ce ya yarda. In yaron ya rantse, zai bar masa matarsa yau ɗin nan.

Duk wanda ke ɗakin ya san bai furta ba. Na ce ni in rantse masa, ko da Alƙur'ani ne. Malam ya ce ba matata ba ce. Muka zuba wa yaron ido. Ya haɗe leɓɓansa kamar allurar na nan. Na matsa kusa na yi ƙasa da murya.

"Kai, faɗi mana. Wallahi kawai za ka ce, mu tafi gida."

"Baba, in na rantse alhali ya motsa fa? Na haɗa biyu kenan."

Malam ya jira har aka kira salla. Muka yi, muka dawo, ya sake jira. Daga baya ya ce a ba yaron lokaci, duk ranar da ya iya ya dawo. Mahaifinta ya tafi da ita da jaririyar, da sharaɗin ranar da ya rantse zai kawo ta da kansa. Na yi wa yaron lallashi, na yi zagi, na yi kuka, abin da bai taɓa gani ba. Sau da yawa yakan sa riga ya kai tasha, ya dawo. Ƙarshe ya tura wa mahaifinta saƙo ba da sanina ba, ya ce ba zai riƙe ta cikin kokwanto ba, su ɗauka yadda suka ƙirga. Da na koma wurin malam da gudu, ya ce wannan maganar ita ce ta rufe ƙofar.

Bayan nan ya daina zuwa shago. Ya daina magana ma, sai da hannu, yana tsoron kowace kalma. Wata ɗiyar ƙanwar uwar yaran mai aikin asibiti ita ta matsa mu kai shi birni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na ce ɗana ba mahaukaci ba ne. Ta ce ta sani, mu dai je.

Likitan sa'an yaron ne. Da ya gama da shi sai ya juyo kanmu, ya tambaya ko a dangi akwai mai yawan wanke-wanke, ko mai duba abu yana sake dubawa, ko wanda bai iya zubar da komai. Na ga wuri ya samu, na shiga ba shi labarin mahaifina da buta da gwaggo da akuya, yadda nake ba da shi a majalisa ana faɗuwa don dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce duk ciwo ɗaya ne, fuska yake canzawa. Wani ya zo masa ta wanki, wani ta dubawa, wani ta jera abu sai ya daidaita, wani ta tara tarkace, wani kuma ta mugun tunanin da ke faɗo masa a kan abin da ya fi ƙauna. Ya ce yana bin jini, amma ba kamar gadon gona ba da kowa sai ya samu rabonsa. Wani ya ɗauka, wani ya tsallake, wani yana kwance a jikinsa sai wahala ta tashe shi. Wani gidan iri ɗaya ke bin su, wani gidan kowa da nasa, kuma su kansu masu binciken ba su gama gane yadda yake rabuwa ba. Sai ya ce, kai fa Baba?

Na ce ni lafiyata ƙalau.

Uwar yaran ta ce daga cikin mayafi, wai likita ya tambaye ni zancen huɗa. Ta ba shi labarin yadda nake baje kunya in ta ɗan karkace, in sake, ko da shuka za ta wuce ni, shanu na haki. Ta ce in na bar ta a karkace tuwo ba ya wuce min. Ta ce yanzu da babu gona, takalman mutane nake jerawa a ƙofar masallaci, har raka'a na wuce ni. Na buɗe baki in ce ai tsari ne, sai na tuna su ma tsarki da mantuwa aka ce musu. Ashe hanyar da ta taso daga mahaifina zuwa ɗana ta kaina ta bi. Ina gefe ina dariyar masu kaya, ni ne jakin da ya kawo shi gida.

Ya ƙara da cewa abin da ke ciyar da ciwon shi ne duk abin da mutum zai yi don ya ji sanyi, ƙarin wanki, ƙarin tambaya. Sanyin na ɗan lokaci ne, in ya dawo ya fi ƙarfi. Ni ban faɗa masa zancen zaure ba. Ita ta faɗa. Ya dube ni kawai, na kuwa so a ce zagina ya yi.

An ba shi magani, ana kuma zama da shi lokaci-lokaci, duk da hanyar ba kullum take biyuwa ba. Sauƙin bai zo da sauri ba, kuma ba zan ce ya rabu da abin ba. Amma ya koma kan keke, ya cire allura daga baki. Wata rana na kai masa rigata ya kama min aljihu, yana ɗinki bai ɗago ba ya ce, Baba, ban taɓa furtawa ba. Haka kawai, murya ba rawa, kamar mai faɗin ranar kasuwa. Na ce to tashi mu tafi Ƙanƙara. Ya ce matar wani ce yanzu. Gaskiya ne, na sani, ta gama idda da daɗewa, ta jira abin da ta jira, ta auri wani mutumin kirki a can Sabuwa da yardarta. Ya cije zare, ya miƙo min rigar.

Bai sake aure ba. Duk salla yakan ɗinka wa ɗiyarsa kaya, ni nake kaiwa gidan kakanta. Bai taɓa auna ta ba, ni nake nuna masa da hannu inda ta kai, kuma bai taɓa kuskure ba.

A sallar da ta wuce na tarar da uwarta ta zo wuni gida. Rabona da ita tun ranar da aka tafi da ita. Ina zaune a zaure, jikata ta sa sabuwar riga tana juyi, ni kuwa na kama kaina ina kallon yadda ta aje takalmanta, ko ta jera su ko ta watsar. Ta watsar. Na ji daɗi kamar an ba ni gona.

Sai ga uwarta da kwano. Ta durƙusa can nesa kamar yadda ta saba, ta gaishe ni, ta tambayi mama, ta tambayi mutanen gida, ba ta ware kowa ba. Na ɗaga malmala, ga yaji. Na ce ashe har yanzu ana son kashe tsoho, ta yi murmushi. Na ga shirun zai yi yawa, sai na shiga abin da na iya, na fara zancen ƙaddara, da yadda kowa da abin da aka rubuta masa, da yadda Allah ya musanya mata da alheri. Tana jina, tana gyara wa yarinyar ɗankwali.

Da na gama surutuna sai ta yi magana. Ba da fushi ta faɗa ba, ba ta ma ɗago kai ba.

"Baba, ni fa ko sau ɗaya ban ji ya ce ya sake ni ba. Ina cikin ɗakina kuka yi ta mayar da ni, har na fita."